Ranar Jar Tuta a Gindin Shere

Jatau bai taɓa iya magana a hankali ba. Ko gaisuwa ya yi sai kajin maƙwabta sun watse. Da can abincinsa ke nan, shi ne mai shelar gari. Amma tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka a duwatsun Shere aka kafa doka: in ta zuba da yawa, sai a ɗaga jar tuta, ba mai ɗaga murya, kada ƙanƙarar ta zaftaro wa gari. Ladan ma bin gidaje yake yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Yau tuta na sama. Matarsa Lantana ta hau dutse neman akuyarta tun hantsi, gajimare ya sauko ya rufe hanya. Muryarsa kaɗai za ta nuna mata gida.

A shingen hawa dutse ya tarar da Ɗanlami mai gadi.

"Sau ɗaya zan kira ta," in ji Jatau.

"Baba, rufa mana asiri," Ɗanlami ya raɗa. "Raɗarka ma ta fi ihun wani. Dubi gidajen da ke ƙasa."

"Shekara da shekaru ina yi wa matar nan tsawa a kan gishirin miya. Yau da tsawar za ta yi rana..."

"Ka bari a sauke tuta."

Jatau ya cika ƙirji da iska, ya dubi rufin gidajen, ya haɗiye sunan. Ya tsaya nan shiru, mutumin kirki, mai bin doka.

Da la'asar ƙanƙarar ta zaftaro ta gefen da Lantana ta bi. Ko tari babu wanda ya yi.