Tabon Lalle a Jikin Kwamfuta

"Kwamfutarka ta tsufa, ba za ta ɗauki sabon tsarin manhaja ba," in ji aminina mai gyaran kwamfuta. "Kamfanin ma ya daina kula da irinta. Bar min ita, ko ƙusa na cira."

Da ita nake buga wa ɗalibai takardu a shagona na Tudun Wada, da ita na aurar da 'yata. Amma mutumin da muka yi makarantar allo tare ba zai yi min ƙarya ba. Na bar masa ita, na rufe shago, na koma tuƙa keke napep.

Bayan Sallah na sauke fasinja a ƙofar wani sabon shagon buga takardu a Kwangila. Ɗalibai sun yi layi. Aminina ne a kan kujera, sabon tsarin yana aiki a kwamfutar da ke gabansa lafiya lau.

Da ya gan ni, ya yi maza ya dafa gefen kwamfutar. Sai dai tafin hannunsa bai rufe duka ba. Yatsu biyu na lallen da 'yata ta dangwala wa kwamfutata ranar kamunta suna leƙo ni.