Mai Riƙe Hannun Baba

A gidan Malam Sallau kowa na cewa Kuluwa ba ta iya musu ba. Shi ya sa da ciwon mahaifinsu, Malam ɗin, ya tsananta, ita 'yan'uwa suka zuba wa ido.

A wannan zamani akwai allurar da ke tashin wanda ya kai gargara. Sai dai dole wani nasa ya riƙe masa hannu, in kuma ya farfaɗo, ya manta da mai riƙon ke nan har abada.

"Ni ne babba, ina Baba zai manta da ni?" in ji Yaya Habu. "Ke ce kika saba da hannunsa."

Shekara shida tana jinyarsa. Ta riƙe.

Da la'asar Malam ya buɗe ido. Ya kira Habu, ya kira ƙaninsu Tasi'u, har akuyarsa sai da ya tambaya. Kuluwa ta miƙo kunu, tsamiya kaɗan, yadda yake so.

Ya kurɓa, ya dube ta.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ɗan ba mu wuri, zan gana da 'ya'yana."