Mai Kujera

Wanda yake da suna abin tsarewa, ya saurari wannan misali.

An yi wani tela a wata unguwa, mutum mai tsabtar aiki, wanda bayan ɗinki Allah Ya hore masa gwaninta a wasan ƙwallon da ake bugawa a na'ura. A bakin layinsu akwai gidan gem, wato gidan wasannin na'ura, mai talabijin biyu da tsohuwar kwamfuta guda, kuma gidan yana da al'ada tun ranar da aka buɗe shi. Benci na kowa ne, amma kujerar katako mai hannuwa ta wanda ya yi nasara ce. Wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka ci ya tashi ya miƙa madannin wasa ga na bayansa. 'Yan ƙwallon da ke cikin na'urar iri ɗaya ne ga mai hali da marar hali, saboda haka babu abin da ke fifita mutum a kan ɗan'uwansa sai kaifin ido da babban yatsa. Shekara uku telan nan yana kan kujerar duk yammacin Juma'a, har sunan da aka raɗa masa ya ɓace a bakin mutane, babba da yaro sai Mai Kujera.

Sannu a hankali kasuwa ta juya. Wasan ya koma cikin waya, kyauta ake sauke shi, kowa ya zauna a ƙofar shagonsa yana karawa da na nesa, gidan gem ya zama kango. Sai dai waɗanda suka ƙera wasan ba sadaka suka yi ba. Sun buɗe kasuwa a cikinsa, inda ake sayen ɗan gaba mai gudun barewa da mai tsaron gida wanda ƙwallo ba ta wuce shi. A makon farko wani mai facin taya, wanda a da bai taɓa jefa wa tela ko ƙwallo ɗaya ba, ya lallasa shi huɗu da nema, ya ɗauki hoton sakamakon ya watsa wa abokai. Tela bai yi haƙurin koyon sabon fili ba, ya shiga kasuwar ya sayi ɗan gaba, ya ci. Ya ƙara da masu tsaron baya, ya sake ci. Daga nan duk lokacin da wasa ya yi tsanani, yatsansa ba ya neman dabara, kusurwar waya yake nufa, inda ƙofar kasuwar take. Sunansa ya koma saman jerin gwanayen wasan, hankalinsa ya kwanta.

Maƙwabcinsa kafinta kuwa ya tsaya a kan 'yan wasan da aka ba shi kyauta, masu nauyin ƙafa, ana cin sa safe da yamma. Tela yakan leƙo ya ce, "Maigida, saki hannu mana! Ko ƙusa za ka buga musu su yi gudu?" Shi kuma ya ce, "Bar ni da guraguna, Malam, karatu suke ba ni." Da gaskiyarsa, domin wanda 'yan wasansa ba su da gudu, dole ya koyi hango inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ta ba.

Ana nan sai mai gidan gem ya yanke shawarar sayar da na'urorinsa ya mai da wurin shagon waya. Ya sanar da wasan ban kwana ranar Juma'a, ya ce wanda ya yi nasara ya tafi da kujerar gida. Unguwa ta cika wurin har bakin titi. Tela ya zo da sabuwar riga, ɗinkin hannunsa, ya zauna a mazauninsa, kafinta ya zauna a benci, aka ba su 'yan ƙwallo masu ƙarfi ɗaya. Tela ya tura ƙwallo gaba yana jiran ɗan wasansa ya tsere wa kowa, ɗan wasan ya yi gudu irin na kowa, aka ƙwace. Ya buga daga nesa kamar yadda ya saba, ta tashi sama. Da aka jefa masa ƙwallo ta biyu, na kusa da shi suka ga babban yatsansa ya zame zuwa kusurwar madannin yana lalube, kuma babu komai a wurin sai roba. Aka tashi uku da nema. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe, ya miƙa madannin da hannu biyu. Kafinta ya jijjiga kujerar, ya ce ƙafarta ɗaya tana rawa amma gyaran ba wuya, ya ɗora ta a ka, ya bi ta ƙofar shagon tela da ita. Kafin Juma'a ta zagayo sunan ya bi kujerar.

'Yan ƙwallon da tela ya saya suna nan cikin wayarsa, suna sheƙi cikin rigunansu, ba ɗaya da ya iya raka shi fagen da mutane ke kallo. Ƙarfin da ya yi taƙama da shi ba a hannunsa yake ba, na hannunsa kuwa ya bar shi ya yi tsatsa. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce: kayan aro ba ya rufe katara.