Auren Direban Jirgin Ƙasa

"Littafin da ban karanta ba, to ba a rubuta shi ba tukuna."

Da wannan kirari mai shagon tabarau yake buɗe zama kowace Asabar a bayan shagon tela, inda abokai ke haɗuwa su baje ra'ayinsu a kan littattafan da suka karanta da finafinan da suka kalla. Dattijo ne mai furfura, matarsa ta daɗe da rasuwa, bakinsa kuwa ko mai gabatar da shiri a rediyo sai ya sara masa. Sarkin Sharhi suke kiransa, shi ma bai taɓa cewa a daina ba.

Malamin lissafi ne kaɗai abin bai kwanta masa a rai ba. Littattafan da ya ara wa Sarki sukan dawo kamar ranar da aka buga su, ko kunnen shafi bai lanƙwashe ba. Sun taɓa zama kusa da juna a sinima, jarumi bai gama gaisawa da mutanen gidansu ba dattijon ya fara minshari. Malam ya koma gida ya ba iyalinsa labarin fim ɗin, har da na minsharin. Ranar Asabar sai ga Sarki ya feɗe fim ɗin har wutsiya.

Wani ne ke ba shi satar amsa, wannan ba ya buƙatar alli da allo. Malam ya zargi tela, ya zargi mai aski, bai kama kowa ba.

Sai wata rana Sarki ya gyara zama ya ce game da wani littafi, "Marubucin nan ya dafa miya mai kyau, ya manta gishiri."

Kowa ya yi dariya, ban da Malam. Maganar matarsa ce, kalma da kalma. A kan abinci ta faɗe ta, babu kowa a wurin sai shi da mahaifiyarsa, Inna, wadda tun da idonta ya yi rauni shi yake karanta mata littafi kowace yamma in ya dawo daga makaranta.

Tun daga ranar tuwo ya daina yi wa Malam daɗi. Ya fara lura da abin da bai saba lura da shi ba. Tabaraun Inna sun zama marasa lafiya, yau ƙafa ta kwance, gobe gilashi ya motsa, kuma kullum matar ce mai rakiya. In sun dawo falo ya cika da wani turare da ba shi ya saya ba.

"Wai me kike yi a shagon tabarau haka?"

"Inna nake kaiwa. In ajiye ta in wuce kasuwa."

"Kullum?"

"To ka tambayi tabaraun mana," in ji ta, tana dariya.

Dariyar ta fi amsar yi masa ciwo. Ashe har tsohuwa ake fakewa da ita. Baiwar Allah, ita ba ruwanta, sai ƙara son karatu take yi. Yanzu takan tsayar da shi ta ce ya maimaita mata wuri kaza, ko ta tambayi sunan ƙanen jarumi. Ga ta da raunin zuciya, ko kaza aka yanka a labari sai ta share ido.

Da aka zaɓi sabon littafi, labarin wani direban jirgin ƙasa, Malam ya ɗana tarkonsa. Bai ara wa Sarki ba. Ya miƙa wa matarsa, ta karance shi da kanta, ya same ta a ɗaki ido ya yi ja. Ya tambayi ra'ayinta a keɓe, ya haddace kowace kalma. Da yamma kuma ya ci gaba da karanta wa Inna kamar yadda aka saba. Ya riga ya yanke shawara: in kalma ɗaya tata ta fito daga bakin dattijon nan, ranar za ta kwana a gidan iyayenta.

Asabar ta zo. Tela ya kashe keke, aka ja benci. Malam ya zauna daf da ƙofa, littafin a cinyarsa.

Sarki ya yi kirarinsa, ya yabi farkon labarin, ya soki tsakiyarsa, ya kawo sunan ƙanen direba daidai. Malam ya kasa kunne, bai ji kalmar matarsa ko ɗaya ba.

"Amma ƙarshen ne ya zubar da mutuncin littafin," in ji Sarki, yana kaɗa yatsa. "Marubucin matsoraci ne. Jirgi ya kife, direba ya tashi ya kakkaɓe riga, ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta yi masa ɗauri, har da haihuwar tagwaye. Yara za a yi wa wannan."

Tela ya dubi mai aski.

"Ranka ya daɗe, wane direban?" in ji mai aski. "Mu dai a namu littafin mun binne shi."

Sarki ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga. "Wataƙila nawa bugu na biyu ne."

"Bugu ɗaya aka yi, Baba," in ji Malam a hankali.

Dariya ta ɓarke, tela har da dukan benci. Malam dai ya zuba wa dattijon ido, yana jin ƙamshin turaren nan na tashi daga rigarsa. Auren direba da tagwayensa ba su taɓa shiga ɗab'i ba. Shi da kansa ya ƙirƙiro su shekaranjiya da yamma, da ya hango mutuwa a shafin ƙarshe, don kada Inna ta kwana tana kuka.