Barewar Da Ta Kori Munzali Daga Doha

Tun da aka ɗauki Ja'afar aiki a sansanin farauta, Munzali ya daina jin daɗin zaman ɗakinsu na unguwar Al Muntazah. Garinsu ɗaya, Ningi, kuma tare suka zo Doha tuƙin mota. Munzali yana nan yana jigilar ma'aikatan wani kamfanin gine-gine zuwa Lusail. Shi kuwa Ja'afar, kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, Balarabe ne mai son farauta. Da sanyi ya shigo, sai ya sa sunansa cikin takardar izinin sansaninsa, ya riƙa tafiya da shi hamada.

Duk sanda Ja'afar ya dawo hutu, yakan shigo da takalmin daji da jaket mai kalar yashi da madubin hangen nesa. A wayarsa ga hotonsa da shaho a hannu, ga wani da karnukan farauta. 'Yan gida suka fara kiransa Sarkin Dawa.

Wannan suna ne ya fi ƙona wa Munzali rai, domin shi ne ya tashi a gidan mafarauta.

"Wai Ja'afar ne Sarkin Dawa?" in ji shi wata Juma'a suna cin abinci. "Mutumin da ko zomo bai taɓa kamawa ba?"

Ja'afar ya yi dariya. "Ai ni direba ne kawai, ɗan'uwa. Ruwa nake ɗauka da itace. Farautar nan ma tana da doka. Akwai lokacinta, akwai wurinta, kuma ba a taɓa barewa ko da wasa."

Malam Dikko, dattijon da ke gadi a Al Mirqab, ya ajiye cokalinsa ya ce, "Munzali, ko a gida ai maharbin kirki don ciyar da iyali yake shiga daji, kuma ya san dabbar da ake bari. Khalas, ya isa, ka bar zancen nan."

Amma zuciyar Munzali ba ta bar zancen ba. In ya ga jaket ɗin nan a rataye, sai abinci ya fita ransa. Ya daina amsa gaisuwar Ja'afar da fara'a. Har matarsa Sa'adiyya ta lura a waya, ta ce, "Maigida, ka yi ta kanka mana. Abin da kake samu yana riƙe mu, ga maganin Inna ba ya yankewa."

"Ke ba ki san komai a nan ba," in ji shi, ya kashe wayar.

Wata ranar hutu, Ja'afar ya tafi kasuwa ya bar kayansa. Munzali ya ɗauki jaket da madubin, ya sayi wayar ƙarfe, ya hau motar kamfani ba da izini ba. Ya nufi wani gandun da aka killace don kiwon bareyi. Ya ga allon gargaɗi, ya kau da kai. Ya yanke shinge, ya ɗana tarko kusa da wurin shan ruwansu kamar yadda ya koya yana yaro, ya laɓe.

Kafin la'asar wata barewa ta faɗa. Ba ta ma san gudun mutum ba, domin ta saba da masu kawo mata ciyawa. Ya yanka ta. Da ya farke cikin, sai ya tarar da ɗa a ciki, ashe ta kusa haihuwa.

Ya tsaya yana kallon hannunsa. Amma da ya tuna sunan Sarkin Dawa, sai ya gyara jaket, ya ɗaga kan barewar, ya ɗauki hoto. Ya tura wa zauren WhatsApp na 'yan gida, ya rubuta, "Ga farauta ta gaske."

Ba wanda ya yaba. Malam Dikko ne kaɗai ya rubuta, "Innalillahi. Me ka aikata?"

Masu kula da gandun sun ga shingen da aka yanke, kyamara kuma ta ɗauki lambar motar. Washegari jami'ai suka same shi a bakin aiki. Jaket ɗin da ke cikin hoton na ɗauke da tambarin sansanin, saboda haka aka tafi da Ja'afar shi ma, ya sha tambayoyi kafin a gane ba shi da hannu.

Kotu ta ci Munzali tara, kamfani ya sallame shi, aka kuma yanke a mayar da shi gida ba damar dawowa.

Ja'afar ya je ganinsa inda ake tsare da shi. Ya kai masa jakar kayansa.

"Tun watan jiya na kai sunanka wurin maigidana," in ji shi a hankali. "Na ce masa kai ɗan mafarauta ne, ka iya bin sawu. Ya yarda zai nema maka izini a kakar farauta mai zuwa. So na yi sai ta tabbata in gaya maka."

Munzali ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Ya sauka a Kano da jaka ɗaya. Sa'adiyya ta tarbe shi ba ta tambaye shi komai ba, sai dai ta ce maganin Inna ya ƙare.

Mai karatu, hassada takan sa mutum ya rusa abin da ke hannunsa don kallon na wani. Ka yi wa ɗan'uwanka murna, ka kiyaye dokar ƙasar da kake ci a cikinta, kada ka kashe dabba don a yaba maka.