Injin da Ba Ya Shan Ruwa

Da Malami ya kwance noti na ƙasan injin, abin da ya zubo cikin kwanon ba baƙin mai ba ne. Wani abu ne fari-fari mai kauri, kamar nonon da ya kwana uku a rana. Ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya tofar da yawu gefe. Shekara goma sha biyu yana kanikanci a Sabon Birni, bai taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba.

Motar tasa ce, in dai za a kira ta mota. Tsohuwar Bitil ce da ya yanke wa jiki, ya bar ƙarfen ƙasa da kujera ɗaya, ya ɗaura mata duro biyu. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana ratsa yashin da ke kafe manyan motoci. Tunda rijiyoyin garinsu Tsamaye suka ƙafe a shekara ta biyu ta fari, ita ke ɗauko wa unguwarsu ruwa daga ramukan da aka haƙa a cikin gulbi, sau uku a yini, a raba buta-buta.

Abin alfaharin Malami shi ne ba ta da lagireto. Iska ke sanyaya injin. Yakan bugi ƙirji ya ce duk motocin tashar garin Isa sai direba ya ba su ruwa da safe, tasa kuwa ko ɗigo ba ta nema. In ya faɗi haka, mahaifinsa, Baba Na'Allah, sai dai ya girgiza kai.

To, ta ina ruwa ya shiga cikin mai? A wata motar sai a ce gasket, abin da ke raba ruwa da mai a cikin inji, ya ƙone. Wannan ba ta da ruwan da zai tsallaka. Ruwan sama kuma ya manta da su. Ƙofa ɗaya ta rage, murfin da ake zuba mai, kuma murfi ba ya buɗe kansa.

Mutum ɗaya ke tuƙa ta bayan shi: Alhassan, mijin ƙanwarsa Fadima.

"Ka saida man ga masu injin niƙa, ka cika min da ruwa," in ji Malami, a gaban duk masu jiran layi.

"Wallahi Yaya, ba ni na ba. Mi za ni yi da shi?"

"Aje min makulli ka tahi. Ɓarawo ko a gida ɓarawo na."

Alhassan ya ajiye makullin a kan duro, ya wuce kansa a sunkuye. Washegari Fadima ta daina gaishe da yayanta, shi kuwa ko a jikinsa. Ƙyamar mutumin yake ji har cikin maƙogwaro. A ce ana cikin wannan masifa, mutum ya kashe jakin da ke shayar da 'ya'yansa!

Ya sauke injin a kan buhu, a gindin aduwar da ke bayan gida, inda motar ke kwana. Nan ne turken saniyar Baba Na'Allah ta ƙarshe, wadda ta kwanta bara ba ta tashi ba, bayan arba'in da suka riga ta. Tsohon kan zauna nan yanzu, ya zuba wa ɗansa ido.

Duk abin da Malami ya buɗe sai ya ƙara ɓata masa rai. Metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kansu sun cinye, shi kansa kiranshaf ya yi zane, ringin fistin biyu sun manne da tsatsa. Tsatsa ba aikin rana ɗaya ba ce. Wato maƙetacin ya daɗe yana yi, kaɗan-kaɗan, kullum.

Ya tafi Isa a bayan wata motar gero, ya samo gawar Bitil guda a bayan wani gareji, ya ciro mata hanji kaf. Mai garejin ya ce ya lallaɓa kayan, don daga nan har Sakkwato babu wasu.

Kwana tara yana haɗi. A kwanakin nan mata ke takawa gulbi da ƙafa, su dawo da rabin tulu. Duk da haka Malami bai bari butar mahaifinsa ta kwana babu ruwa ba. Ya ma ji daɗi da ya ga tsohon ya koma alwala, don wata da watanni yana taimama da asuba, ko an cika masa butar. Tsufa ke nan, in ji Malami a ransa.

A rana ta tara da la'asar ya ɗora injin, ya zuba sabon mai, galan na ƙarshe da ya mallaka, ya ɗaure murfin da kyau. Bugu ɗaya ta tashi. Mata suka yi guɗa. Ya kashe ta, ya sa makullin a aljihu, yana hararar gidan Alhassan.

Da gari ya waye ya fito zai tafi gulbi. A zaure ya ga shatin tafin hannu biyu a kan rairayi, bai kula ba. Ya zagaya bayan gida.

Baba Na'Allah na tsugune a bayan motar, murfin mai a hannunsa na hagu, buta a kife a na dama, leɓɓansa a tsage. Ya ɗago ya dubi ɗansa da fara'a, ya shafa ƙarfen kamar yadda yake shafa wuyan saniya.

"Kwana tara ba ta sha ba, Malami. Yau duka na ba ta, ba rabi ba kamar kullum."