Da Sauƙi

Sai da Tela ya yi awa uku a layi kafin ya isa teburin ma'aikaciyar inshorar lafiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta zayyano masa tsare-tsarensu: ƙarami na zazzaɓi ne, matsakaici har da kwanciya asibiti, babba kuwa har tiyata.

"Amma Baba, duk ciwon da mutum ya zo da shi, nasa ne. Mu na gaba muke ɗauka."

Ya san da wannan. Shi ya sa tun safe matarsa ta zaunar da shi tana koya masa amsa, ta kuma kwashe maganin suga daga aljihunsa. Shekara shida ke nan keken ɗinkinsa kantin magani yake yi wa aiki.

"Hawan jini?"

"Babu."

"Ciwon suga?"

"Ni? Ko a shayi ba na sa suga, 'yata." Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ta cike takardar tsaf, ta ɗauki hatimi. Sannan ta dube shi karon farko, ta tausasa murya kamar mai dubiya.

"Sannu Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," bakinsa ya amsa, yadda ya saba shekara shida.

Ta mayar da hatimin mazauninsa, ta yi hamma.

"Allah ya ƙara sauƙi. Mai lafiya cewa yake, 'Wane jikin?' Na gaba!"